In Himma Ta Kwanta: A Daure ko A Dakata?

Babu wani mai neman ilmi, babba ne ko yaro, a tsangayar Gabas yake ko a Islamiyyar unguwa, wanda ya ƙulla niyyar haddace Alƙur'ani mai girma tun daga Baƙara har Nasi, face wata rana ta riske shi da zai ɗauki allonsa ya ji ya yi masa nauyi, ya dubi rubutun da ya yi da hannunsa ya ga harafi bai ɓace ba, wasali bai goge ba, malaminsa yana nan, abokan karatunsa suna nan, amma abin nan da yake tashinsa tun kafin assalatu ya tafi bai yi masa sallama ba. Bai yi ridda ba, bai raina Littafin ba, in ka tambaye shi ko har yanzu yana son ya zama alaramma zai ce maka yana so, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai son ya tsaya a baki, ya ƙi sauka zuwa gaɓoɓi. A kan wannan mutum ne malamai da iyaye da masu tarbiyya suka daɗe suna saɓani, waɗansu suna cewa magani shi ne ya danne zuciyarsa ya ci gaba ko da ba ya jin daɗin kome, waɗansu kuwa suna cewa ya saurara, ya ba zuciya numfashi har himma ta dawo. Na zaɓi mai hadda ne domin a wurinsa al'amarin ya fi fitowa fili, amma mai koyon sana'a da mai rubuta littafi da wadda ta koma makarantar yaƙi da jahilci bayan 'ya'ya sun girma, duk za su iske kansu a cikin maganar.

Kafin a saurari hujjojin ɓangarorin biyu ya kamata a fahimci abin da ya sa himmar mai hadda ta fi mutuwa a tsakiyar tafiya, alhali a farkonta da ƙarshenta takan yi ƙarfi. Alƙur'ani izu sittin ne, kowane izu sumuni takwas, wato sumuni 480 ke nan. Sa'ad da ɗalibi yake da izu biyu ko uku a ka, duk ƙarin da aka yi masa sabon abu ne mai daɗi, bitar abin da ya wuce kuwa ba ta wuce zama guda. To amma kowane sumuni da ya shiga ƙirji bashi ne da ake bin mai shi har ya mutu, don haka ranar da ya kai izu ashirin ko talatin sai ya tarar yawancin wuninsa yana tafiya ne wajen riƙe tsoho, sabon da yake samu ɗan kaɗan ne, ga ayoyi masu kama da juna sun fara yi masa gizo, yana cikin Baƙara ya faɗa A'arafi, yana cikin Hudu ya tsinci kansa a Shu'ara. A farko ɗokin sabon abu yake jansa, a ƙarshe hangen walima da sunan alaramma suke jansa, a tsakiya kuwa wahala ta ninka, ladan da ido yake gani ya ragu, kuma babu mai yi masa barka don ya maimaita abin da ya haddace bara. Saboda haka wanda ya ga ɗalibi ya yi sanyi a wannan matsayi ya ce lalacewa ce, ya yi gaggawar hukunci, domin yanayin aikin ne ya sauya a ƙarƙashin ƙafafunsa.

Masu cewa a daure su ne mafi yawa a cikin alarammomi, kuma ba da ka suke magana ba. Hujjarsu ta farko daga hadisi take, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a riƙa bibiyar Alƙur'ani, ya kuma bayyana cewa ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Suka ce wanda ya ajiye gini ya tafi hutu yana iya dawowa ya tarar da bango inda ya bar shi, amma wanda ya ajiye hadda wata uku ba zai tarar da ita inda ya bar ta ba, zai dawo ne ya ga izu goma sun zama biyar, biyar ɗin ma suna rawa. Kuma baƙin cikin ganin wannan asara ya fi kasalar farko kashe zuciya, har ya zama da yawa daga cikin waɗanda suka ce bari su ɗan huta, kunyar abin da suka zubar ce ta hana su komowa gaban malam har abada.

Hujjarsu ta biyu ita ce abin da Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Sukan haɗa da maganar Shaihu Zarnuji a cikin Ta'alimul Muta'allimi, littafin da kusan kowane zauren ilmi a ƙasar Hausa ya san shi, inda ya gargaɗi ɗalibi da ya guji yankewa daga karatu domin annoba ce, ya kuma hakaito daga malaminsa cewa bai fi tsararrakinsa da kome ba sai da rashin yankewa. Lissafi ma yana goyon bayansu: wanda yake riƙe sumuni guda a rana, kwana biyar a mako, zai gama cikin mako 96, wato ƙasa da shekara biyu, wanda ƙarfinsa bai wuce rabin sumuni ba zai gama cikin ƙasa da shekara huɗu, amma mai jiran ranar da zuciya za ta yi masa daɗi ya haddace izu guda a zama ɗaya, sau da yawa furfura takan riske shi bai fita daga Nisa'i ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Amma hujjar da na ga ta fi zurfi a cikin abin da suke kawowa ita ce ta uku, wadda ta shafi sanin halin rai. Suka ce mutane sun juya al'amarin ne, suna zaton himma ce take haifar da aiki kullum, alhali kuwa sau da yawa aiki ne yake haifar da himma. Gardi yakan tashi da dare jikinsa a mace, ya je bakin wutar kara yana jan ƙafa, ya buɗe baki da ƙyar, amma kafin ya kai ƙarshen sumuni muryarsa ta buɗe, ya shiga cikin amon 'yan'uwansa, ya manta da cewa ɗazu ba ya so. Da ya tsaya a shimfiɗarsa yana jiran so ya zo ya tashe shi, da har gari ya waye bai zo ba. Malaman tasawwufi sun san wannan tun da daɗewa. Ibnu Aɗa'illahi, mutumin Iskandariyya, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya yi wa muridi wasiyya a cikin Hikam cewa kada ya bar zikiri don zuciyarsa ba ta halarta a cikinsa, domin gafala daga zikirin gaba ɗaya ta fi gafala a cikinsa muni, kuma ana fatan mai yi da gafala a ɗaukaka shi zuwa yi da farkawa. Manomi ma haka yake: ran da ruwan shuka ya sauka kowa yana gona da murna, har yara, amma damina ba ta cika rumbu da shuka kaɗai, sai da noman farko da maimai, lokacin da baya ya ƙage, hatsin bara ya kusa ƙarewa, kuma babu wanda yake fita don nishaɗi, wanda ya ce sai ya ji irin daɗin ranar shuka zai ɗauki fartanya, ciyawa ya noma wa gonar. Daga nan suka kammala da cewa rai mai yawan umurni da mummuna ne, ya iya kawo uzuri cikin tufar hikima, kuma duk ranar da ka ba shi hutun da ya roƙa, gobe da ƙari zai dawo.

Masu cewa a dakata ba su kai waɗancan yawa ba, amma ba su gaza su dalili ba, kuma daga rijiya ɗaya suke ɗiba. Sukan fara da ƙissar Hanzala, Allah Ya yarda da shi, wadda Muslim ya ruwaito. Wannan sahabi ya fito yana tuhumar kansa da munafunci, saboda ya lura in yana gaban Annabi ana ambaton Wuta da Aljanna sai ya ji kamar yana ganinsu, in ya koma cikin iyali da dukiya sai yawancin abin ya gushe. Ya gamu da Sayyidina Abubakar, shi ma ya ce yana samun haka. Da suka kai maganar gaban Annabi, sai aka sanar da su cewa ɗan Adam ba ya dawwama a hali guda, sa'a ce da sa'a. Suka ce in har Siddiƙu da kansa yana samun hawa da sauka, yaya za a ɗauki sanyin ɗan shekara goma sha biyar a matsayin laifin da za a fitar da bulala? Sukan ƙara da igiyar da Zainab, Allah Ya yarda da ita, ta ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci don ta riƙa kamawa in ta gaji da tsayuwar dare, Annabi ya sa aka kwance ta, ya yi umurni mutum ya yi nafila gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Ga kuma Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda yake yi wa mutane wa'azi ranar Alhamis kaɗai, aka roƙe shi ya mai da shi kullum ya ƙi, don gudun kada ya ƙosar da su, yana mai koyi da yadda Annabi yake zaɓar musu lokaci. Ga Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, wanda a ƙuruciyarsa ya nace sai ya sauke Alƙur'ani cikin 'yan kwanaki ya kuma yawaita azumi, ana rage masa yana neman ƙari, da ya tsufa sai ya riƙa burin da ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tun farko.

Suka ce tsangaya da kanta ta yarda da wannan ko da bakinta bai furta ba, domin ga hutun Alhamis da Juma'a da ake ajiye alluna, ga hutun Sallah, ga al'adar barin gardi ya tashi daga malami zuwa malami, daga Haɗeja zuwa Nguru, daga Gashuwa zuwa Maiduguri, wanda a bayan neman gwanaye akwai kuma sabunta zuciya da sabon wuri da sababbin abokai. Shi kansa Zarnujin da waɗancan suke kafa hujja da shi ya ba ɗalibi shawara in ya ƙosa da wani fanni ya koma wani, ya kuma kawo labarin Muhammadu ɗan Hasan, almajirin Abu Hanifa, wanda yake ajiye littattafai iri-iri a gabansa da dare, in ya gaji da wannan ya ɗauki wancan. Sannan sukan yi nuni da abin da kowa ya gani da idonsa, wato mutanen da aka cusa musu karatu da dorina a lokacin da zukatansu suka rufe, suka sauke ko suka gudu kafin sauka, yau ga su manya, ba sa iya buɗe Mus'hafi ba tare da jikinsu ya tuna duka ba. Wannan asara, in ji su, ta fi asarar izu biyar, domin izu yana dawowa da tilawa, amma ƙauna in ta juye ta zama tsoro da wuya ta komo.

Hujjarsu mafi nauyi kuwa ita ce cewa mutuwar himma wani lokaci saƙo ne, kuma wanda ya toshe kunnensa da ƙarin aiki ba zai ji saƙon ba. A nan ne suke kawo Imamu Gazali. An naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, yana karantar da ɗalibai wajen ɗari uku, sarakuna suna girmama shi. Sai ya binciki niyyarsa ya ga neman ɗaukaka da yaɗuwar suna ne suke motsa shi. Ya yi kusan wata shida yana kai gwauro yana kai mari tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ƙulle ya kasa ba da darasi, abinci ya daina narkewa a cikinsa, likitoci suka ce abin daga zuciya yake. A ƙarshen 1095 ya bar Bagadaza ya nufi Sham, ya zauna a Dimashƙa, ya je Ƙudus, ya yi Hajji, bai koma karantarwa a makarantar hukuma ba sai a 1106 a Naisabur. Da ya bi shawarar masu cewa a daure ko ta halin ƙaƙa, in ji su, da duniya ta sami ƙarin malamin fada guda, ta rasa Ihya'u Ulumiddini.

A ƙasarmu ma akwai makamancin wannan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ƙanen Shehu, wanda ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, ba mutum ne da za a tuhuma da ragwanci ba. Amma wajen 1807, bayan da yawa daga cikin malamai da mahaddata abokan gwagwarmayarsa sun yi shahada, ya ga waɗansu daga cikin waɗanda suka rage sun karkata ga neman sarauta da dawaki da tufafi da tara dukiya, sai zuciyarsa ta fita daga al'amarin, ya bar runduna ya fuskanci gabas da niyyar ya kai Madina. Shi da kansa ya ba da labarin a cikin Tazyinul Waraƙati. Himmarsa ba ta mutu don gajiya ba, ta mutu ne don ya ga abin da aka fito dominsa yana sauya kama, kuma wanda zai ce masa a wannan rana ya danne zuciya ya ci gaba, yana ce masa ne ya rufe ido ga abin da ilminsa ya nuna masa.

To, ni da na auna maganganun nan, na ga ɓangare na biyu sun fi na farko tausayi da sanin ɗan Adam, amma hujjojinsu, in aka dube su da kyau, ba su kai su inda suke son zuwa ba. Zainab ba a ce ta bar salla ba, nafilar da ta wuce ƙarfinta aka sassauta mata. Ɗan Mas'ud bai daina wa'azi ba, ya sa masa rana ne. Muhammadu ɗan Hasan da ya ƙosa da littafi, wani littafin ya ɗauka. Hutun Alhamis kuwa hutu ne mai iyaka, wanda kowa ya san sa'ar da zai ƙare tun kafin ya fara, kuma ba himmar ɗalibi ake tambaya ba in lokacin komawa ya yi. Shi Gazali a shekarun keɓewarsa ne ya rubuta Ihya, littafi arba'in a cikin rubu'i huɗu, aikin da ya fi darasin Nizamiyya wahala nesa ba kusa ba. Malam Abdullahi kuma da ya isa Kano mutanenta suka tsai da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tsai da shari'a, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, daga bisani ya koma wurin Shehu ya ci gaba da ɗaukar nauyin jama'a, ya kuma wallafa babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Duk cikinsu babu wanda ya zauna yana jiran himma ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Abin da suka yi shi ne rage ma'auni, ko sauya wuri, ko gyara niyya, igiyar aikin kuwa tana hannunsu.

Akwai kuma haɗari a cikin ƙissar Gazali wanda masu kawo ta ba su cika faɗa ba, wato kowane mai kasala yana son ya ɗauki kansa Gazali. Saurayin da waya ta cinye masa dare, ya wayi gari allo ya gundure shi, abu ne mai sauƙi a gare shi ya ce ai niyyarsa ce yake tuhuma, yana tsoron riya, gara ya bari sai ikhlasi ya samu. Alhali malamai sun daɗe da gargaɗin cewa barin aikin alheri don tsoron riya shi ma wata ƙofa ce ta Shaiɗan. Ma'aunin da na ga ya fi rarrabe tsakanin mutanen biyu shi ne a dubi abin da mutum ya bari da abin da ya nufa. Gazali ya bar daraja da albashi da kusancin halifa ya tafi zaman kaɗaici a hasumiyar masallacin Dimashƙa. Malam Abdullahi ya bar matsayin waziri ya shiga daji. Wanda sanyinsa ya kai shi ga abin da ya fi wuya ga rai, a saurare shi da girmamawa. Wanda kuwa sanyinsa kullum inuwa da hira yake nuna masa, ya san da wa yake tare.

Duk da haka ba zan ba masu cewa a daure gaskiya dukkanta ba, domin kuskurensu babba ne, kuma ya karya mutane da yawa. Sun riƙe rabin hadisin A'isha, wato dawwama, sun saki rabinsa, wato ko da kaɗan ne. A wurin da yawansu daurewa tana nufin a ci gaba da ma'aunin ranar ɗoki ba ragi, wanda ya saba wanke allo kullum dole ya wanke kullum, in ya kasa malalaci ne. Wannan shi yake sa ɗalibi ya ga hanya biyu kaɗai gare shi, ko ya yi duka ko ya bar duka, kuma rai in aka ba shi wannan zaɓi a ranar rauninsa, bari zai zaɓa. Abin da na fi gamsuwa da shi, kuma na ga alarammomi masu basira suna aikatawa ko da ba su ba shi suna ba, shi ne a raba ƙari da tilawa. Ƙari ana iya tsai da shi mako biyu ko wata guda ba a yi asarar kome ba sai lokaci. Tilawar abin da ya riga ya shiga kuwa ba a tsai da ita, sai dai a rage ta zuwa abin da mutum zai iya ɗauka a mafi munin kwanakinsa, ko izu guda ne, ko rabi, a lokaci sananne da ba ya motsi, kamar bayan Asuba kafin a tashi daga wurin salla. Wazifar da aka yanka daidai da ranar ƙarfi takan karye a ranar rauni, kuma ranakun rauni sun fi yawa a rayuwar kowa. Sannan a sa wa sassaucin ranar ƙarewa tun daga farko, a faɗa wa malam ko aboki ranar, domin alkawarin da mutum ya yi wa kansa shi kaɗai a cikin duhu ba shi da mai bin bashinsa.

Wannan batu na aboki ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri, domin ina ganin a nan ne tsohuwar tsangaya ta fi mu hikima, mu da muke son mu yi kome mu kaɗai da waya a hannu. Gardawan da suke fita bayan gari su kafa bukkoki don hadda ba su cika fita ɗai-ɗai ba, kuma zaman musaffa, inda ake karatu bi da bi kowa yana sauraron kuskuren ɗan'uwansa, ba don gyaran harafi kaɗai aka yi shi ba. Himmar mutum goma ba ta kwantawa rana ɗaya. Yau kai ne a ƙasa wani ya ja ka, jibi shi ne a ƙasa kai ka ja shi, kuma kunyar a ga gurbinka babu kowa takan tashe ka ranar da tsoron Allah ya yi rauni a zuciyarka, har Allah Ya kawo ranar da zai dawo da ƙarfinsa. Wani zai ce ai wannan aiki ne don idon mutane. Na'am, akwai gauraye a ciki, amma da wuya a sami ɗan Adam da ya fara kowane alheri da niyya tatacciya, kuma niyya a cikin aiki ake tace ta, kamar yadda aka ruwaito daga magabata da dama cewa sun fara neman ilmi da wata manufa, ilmin da kansa ya juyo da su zuwa ga Allah. Haka kuma mai sanyin himma shi ne mafi rashin cancantar yanke wa kansa hukunci a kan ko kasala ce take damunsa ko gajiya ta gaskiya, domin alƙali da mai ƙara da wanda ake ƙara duk sun taru a ƙirji ɗaya. Malamin da ya san shi shekara da shekaru, ya san yadda fuskarsa take in yana ƙarya da yadda take in ya jigata, shi ya fi dacewa ya ce masa tashi ko ya ce masa zauna.

Sai dai dukkan wannan muhawara an gina ta ne a kan zaton cewa jikin ɗalibin lafiya yake kuma cikinsa ba wayam yake ba, zaton da sau da yawa ba ya tabbata. Annabi ya kasance yana neman tsarin Allah daga gajiyawa da kasala, ya ambace su a matsayin abu biyu, kuma malamai sun bayyana cewa ɗaya rashin iko ne, ɗaya rashin so ne tare da iko. Wanda ya kasa rarrabe su zai yi wa mara lafiya wa'azi. Yaron da ya kwana da zazzaɓin cizon sauro, ko jininsa ya yi ƙaranci, ko ya yi yawon bara tun hantsi ya dawo da ɗan tuwon da bai isa ba, ko ya shekara biyu bai ga mahaifiyarsa ba, in ya zauna gaban allo ya yi zuru, ba hadisin raƙumi yake buƙata ba, ba kuma labarin Gazali ba. Haka babba wanda baƙin ciki ya lulluɓe shi makonni, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, abin da yake so da ya daina yi masa daɗi gaba ɗaya, har da zama da iyali, wannan ciwo ne da likitoci suka sani kuma suke da maganinsa, kuma kai shi asibiti ba ya cin karo da addu'a. Uban da ya kai ɗansa tsangaya mai nisa ya juya baya, ba guzuri, ba ziyara, ba ko sabulu, sannan aka aiko masa cewa yaron ya yi sanyi da karatu, kafin ya aika wa malam da izinin a matsa masa, ya fara aika buhun gero da gidan sauro, ya kuma shirya ya je da ƙafarsa ya ga yaron.